In Wuta Ta Ɗauke, Ina Labarin Kifin Kiwo?

Idan wutar lantarki ta ɗauke da tsakar dare a Gummi, ko Anka, ko Bukkuyum, abin da yawancin mutane ke yi bai wuce tsaki ba. Fanka ta tsaya, maigida ya jawo tabarma zuwa tsakar gida, ɗalibi ya rufe littafi ko ya kunna fitilar wayarsa. Amma akwai waɗanda ba su da halin komawa barci, watau masu kiwon kifi a cikin tankin siminti ko na roba a bayan gida. Su kam da zarar ƙarar famfo ta yanke sai su fara ƙirga awoyi, domin dukiyarsu tana cikin ruwa, ruwan kuwa daga wannan lokaci ya fara lalacewa ke nan.

Kifi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki na yammacin Jihar Zamfara. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasashen nan, ya nausa yamma ta Jega, kafin ya haɗu da gulbin Sakkwato a Jihar Kebbi. Tun kaka da kakanni masunta ke bin gulbin da fadamunsa da koma da taru da gora, suna kamo tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da sauransu. Da rani gulbin kan janye ya bar gurabun ruwa nan da can, da damina ya cika ya tumbatsa. Wannan kifi ba wanda ya ciyar da shi, ba kuwa wanda ya biya masa kuɗin wuta.

Kifin kiwo daban yake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya kiwon tarwaɗa irin ta Afirka, amma duk da haka, bisa ga ƙididdigar da Gwamnatin Tarayya ta sha bayarwa, ƙasar tana bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Wannan giɓi shi ke jawo ma'aikatan gwamnati, musamman waɗanda ritaya ta gabato musu, da samarin da suka ƙare makaranta, zuwa ga sana'ar. Ba ta bukatar gona mai nisa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a yankin da 'yan bindiga suka mai da fita daji kasada. Mutum ya samu 'yar kusurwa a gidansa, ya gina tanki biyu ko uku, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, cikin wata biyar ko shida su kai na sayarwa. Abin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba shi ne, ranar da ya tara kifi dubu a wurin da bai fi ɗakin girki faɗi ba, to, ya rataya ransu ne a kan wayar lantarki.

Wayar kuwa kowa ya san halinta. An kafa Hukumar NEPA cikin 1972, ta koma PHCN cikin 2005, sa'an nan aka fara sayar da kamfanonin rarraba wuta cikin 2013. Yanzu kamfanin Kaduna Electric ke kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ko da yake har gobe in wuta ta ɗauke NEPA jama'a ke kira. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan da aka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke hawowa daga Ugwuaji zuwa Apir kuma ya katse. Garuruwan da ke can ƙarshen waya, nesa da hedkwatar jiha, ba su jiran irin wannan babban hatsari kafin su kwana a duhu.

ABIN DA KE KASHE KIFI

Duhu ba ya kashe kifi, yunwa ma ba ta kashe shi da wuri. Babban kifi yana iya yin kwanaki bai ci kome ba, ya tashi garau. Abin da ke kashe shi shi ne ƙarewar iskar da yake shaƙa, watau oksijin, wadda ke narke a cikin ruwa kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. Kifi yana tsotse ta ne da jajayen gaɓoɓin nan da ke ƙarƙashin marfin da ke bayan kansa, waɗanda ake cirewa a yar idan ana gyaransa.

Iskar ba ta da yawa a ruwa ko kaɗan. Lita guda ta iskar sarari tana ɗauke da oksijin da ya ninka na lita guda ta ruwa fiye da sau talatin. Ruwan daɗi da zafinsa ya kai digiri 25 a ma'aunin Salshiyas ba ya riƙe abin da ya wuce miligiram 8 da 'yan kai a kowace lita. In ya kai digiri 30 sai ya sauka zuwa wajen 7.5. Ga kuma wani tsautsayi: ƙaruwar zafi tana rage iskar da ruwa ke riƙewa, a lokaci guda tana ƙara wa kifi bukatarta, saboda jikinsa yana ƙara aiki. Don haka watannin Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin rana kan haura digiri 40 a ƙasar Zamfara, su ne watannin fargaba.

Ɗalibin da ke son lissafi ga wani ɗan aiki. Tanki mai cin lita 1,000, ruwansa a digiri 30, duk oksijin da ke cikinsa giram 7.5 ne kacal. Masana kiwon kifi kan ƙiyasta cewa kilo guda na kifi irin karfasa, wanda ya ci ya ƙoshi, yana shaƙe wajen miligiram 300 a awa guda. In akwai kilo 20 a tankin, giram 6 ke nan a kowace awa. Ban da ɗan abin da ke shiga ta saman ruwa, awa guda da 'yan mintoci sun isa tankin ya zama kango. Tun kafin a kai nan za a ga kifin ya taso sama yana buɗe baki, ya taru a inda ruwa ya saba zubowa.

Masifa ta biyu tana zuwa a hankali. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya, ragowar abinci da kashinsa su ma suna ruɓewa su ƙara ta. A gulbi ruwa ke tafiya da ita. A tanki kuwa, ko dai a riƙa sake ruwan, ko a bi da shi ta cikin mataci, inda wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ke cinye gubar su mai da ita abin da ba ya cutarwa sosai. Duka biyun aikin famfo ne. Ƙwayoyin nan su ma oksijin suke shaƙa, saboda haka in ruwa ya daina ratsa su na tsawon awoyi sai su fara mutuwa, matacin da ke tsabtace ruwa ya koma tukunyar ɗoyi.

KIFIN TEKU A AKWATIN GILASHI

Mai son ya ga iyakar wannan matsala sai ya dubi kiwon da ya fi kowanne wuya, watau na kifin teku a cikin akwatin gilashi. Wanda ya taɓa shiga wasu manyan otal-otal na Ikko ko Abuja ya ga irin akwatunan nan da ake ajiyewa don ado, kifaye masu launi suna kai da kawowa a ciki. Akwai na ruwan daɗi, akwai na ruwan gishiri. Na gishirin shi ne ɗan lele, wanda ba ya jure ko kusa da abin da ɗan'uwansa ke jurewa.

Dalilan suna da yawa. Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri wajen giram 35, gishirin kuma yana rage wa ruwa ƙarfin riƙe iska da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ruwan teku yana da ɗan kaifi irin na kanwa, amoniya kuwa ta fi dafi a irin wannan ruwa. Daɗin daɗawa, kifayen nan sun fito ne daga wuraren da igiyar ruwa ba ta tsayawa dare da rana, zafin ruwa kuma ba ya sauyawa da sauri, shi ya sa masu kiwonsu ke tsare shi tsakanin digiri 24 da 27. Sau da yawa tare da su ake ajiye murjani mai rai. Mai karatu na iya mamaki, amma murjani na ainihi, wanda mata ke ado da shi, ƙashin wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobin teku ne da ke zaune a cunkushe wuri guda. Irin da ake kiwo a akwati yana bukatar haske mai ƙarfi, ko da yake yana iya haƙuri da duhu na 'yan kwanaki. Tsayawar ruwa ce ba ya haƙuri da ita, tun da ba ya motsi, sai ruwa ya kawo masa iska ya kuma kwashe masa ƙazanta.

Mai tarwaɗa in ruwansa ya ɓaci sai ya ɗebo na rijiya ya sake. Mai kifin teku ba shi da wannan mafita. Gishirin miya ba ya yi, dole sai wani haɗi na musamman da ake sayowa a dama, a auna, a bar shi ya zauna. Daga Gummi zuwa bakin teku, ko a miƙe aka auna, ya fi kilomita 600.

Ba ƙananan masu sha'awa kaɗai abin ke kayarwa ba. Ran 29 ga watan Agusta 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta auka wa birnin New Orleans na Amurka, inda akwai wani katafaren gidan ajiye halittun ruwa, Audubon Aquarium of the Americas, a bakin kogin Misisifi. Ginin bai yi wata mummunar lalacewa ba. Amma wuta ta ɗauke, ma'aikata suka tilasta barin birnin, injin janaretan da aka tanada kuma ya kasa. Mafi yawan kifaye wajen 10,000 da ke ciki suka mutu. Cikin abin da aka tarar da rai akwai tsuntsayen teku da ake kira fengwin, da wasu karnukan ruwa guda biyu, da wani ƙaton kunkurun teku, da farin kada. An kwashi fengwin da karnukan ruwan zuwa Monterey a Jihar Kalifoniya, ba a sake buɗe gidan ba sai watan Mayu na 2006. Wanda ya dubi waɗannan da suka tsira zai ga abu guda ya haɗa su: dukansu iskar sarari suke shaƙa.

GADON FADAMA

A nan ne mai kiwo a Zamfara ya yi sa'a, ko da bai sani ba. Kifayen fadama sun saba da ruwan da ke ƙafewa kowace shekara, Allah kuma ya hore musu dabarar zama a cikinsa. Gaiwa ce uwa-uba. Tana da huhu, in ruwa ya janye sai ta nutsa cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta kwanta watanni tana rayuwa da naman jikinta har damina ta dawo. Daga nan ne Bahaushe ya samo zancen gaiwa mai cin jikinta. Tarwaɗa ba ta kai nan ba, amma tana da wata gaɓa mai rassa kamar ɗan itace a cikin kanta, wadda da ita take shaƙar iska in ta taso sama. Shi ya sa take wuni da rai a cikin daro a kasuwa, da ruwan da bai rufe bayanta ba, shi ya sa kuma ta zama uwar kiwo a ƙasar da wuta ba ta zama. (Minjirya kuwa tana da tata wutar, mai ƙarfin da kan kai bolt 300, sai dai ba a taɓa jin ta sammaci kowa ba sai mai tsautsayi.)

Amma wannan sa'a tana da iyaka, kuma a nan ne mutane da dama ke yaudarar kansu. Shaƙar iska ba ta kare tarwaɗa daga amoniya. In ruwa ya kwana biyu ba a sake ba, a tankin da ya cika maƙil, sai ta daina cin abinci, fatarta ta fara gyambo, ƙarfafa su far wa raunana. Sa'an nan 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe ba su da wannan gaɓa sai bayan makonnin farko. Ƙwan tarwaɗa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana guda ko ɗan fiye a ruwa mai ɗumi, daga nan kuma dubban 'ya'ya masu sirantar zare suna bukatar ruwa mai gudana ba yankewa. Ɗakin ƙyanƙyasa, wajen rauni, bai da bambanci da akwatin kifin teku. Dare guda na rashin kulawa ya isa a wayi gari ƙasan tanki ya yi fari fat. Da hunturu kuwa sanyin asuba ke kashe su, domin ɗan ruwa kaɗan yana hucewa da sauri.

Karfasa, wadda wasu suka fi so a miya, ba ta da gaɓar shaƙar iskar sarari. Wanda ya tara ta da yawa a tanki ba tare da injin hura iska na ko-ta-kwana ba, caca yake yi.

AWA TA FARKO

Abu na farko da ya kamata mai kiwo ya yi in wuta ta ɗauke shi ne ya riƙe hannunsa daga buhun abinci. Tausayi kan sa mutum ya watsa wa kifi abinci, alhali narkar da shi yana ƙara bukatar iska, ragowarsa kuma tana ƙara guba. Na biyu, ya motsa ruwan. Iska tana shiga ruwa ne ta samansa, don haka ko ƙwarya ko bokiti aka sa, aka ɗebi ruwan tankin aka ɗaga sama aka zubo shi yana tartsatsi, an yi wani abu. Aiki ne mai gajiyarwa, sai an maimaita shi a kai a kai, saboda haka gidan da ke da samari sai a raba dare. A tafkin ƙasa mai koren ruwa, lokacin da ya fi hatsari shi ne daf da asuba, domin gansakukar da ke ba da iska da rana ita ma shaƙa take yi da dare.

Na uku, inuwa. Rumfar zana ko asabari a kan tanki tana rage zafi ba tare da ko kwabo na wuta ba. Mai akwatin gilashi yakan jefa gorar ƙanƙara a rufe cikin ruwan don ya sauko da zafinsa sannu a hankali, ko ya lulluɓe akwatin da bargo in sanyi ne, ya bar kafar iska. Sai dai ƙanƙara ita ma 'yar wuta ce, ranar da aka fi bukatarta ranar take tsada. In ruwan akwatin gishiri ya ragu saboda zafi, da ruwan daɗi mai tsabta ake cikawa, domin ruwa ne ya tashi, gishirin yana nan.

Sake ruwa yana da nasa sharaɗi. Ruwan rijiyar burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, don haka a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Ruwan famfo mai maganin kulorin sai ya kwana a buɗe. A ƙasar Anka da Bukkuyum kuwa akwai wani gargaɗi da ya fi waɗannan nauyi. Cikin 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya da wanke su a cikin gari, yara aƙalla 400 suka rasu. Binciken da aka yi ya tarar da gubar har a kududdufan da ake wankin. An yi aikin tsabtace ƙauyukan, amma wanda ya ruɗe da dare ya aika a ɗebo masa ruwa daga kowane rami da ke kusa da wurin haƙa ko wanki, to, yana iya ceton kifinsa ya cuci wanda zai ci.

Duk waɗannan dabarun ɗinkin ɓaraka ne. Tanadin gaske tun kafin a zuba kifi ake yinsa. Tankin sama da aka cika sa'ad da akwai wuta yana zubo ruwa da kansa, ba ya bukatar kowa. Janareta yana da amfani, amma tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga watan Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma hayaƙinsa yana kashe mutum in aka kunna shi a rufaffen wuri. Abin mamaki shi ne, aikin da ya fi muhimmanci shi ya fi ƙarancin cin wuta. Ƙaramin injin hura iska mai cin wat 10, in aka haɗa shi da batirin mota mai bolt 12 da ƙarfin amfiya 60, zai yi wajen awa 36 yana aiki kafin batirin ya kai rabi. In aka ƙara farantin sola guda, rana ta cika shi, ya raya dare. Kuɗin wannan bai kai na abincin da kifi dubu ke cinyewa kafin su girma ba, abincin kuwa shi ke lashe fiye da rabin kuɗin kiwo. Abin takaici ne a ce mutum ya zuba kuɗin sallamarsa na shekara talatin da biyar a cikin tanki, ya tsaya yana cinikin batir.

Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa tana New Bussa, kusa da madatsar Kainji, ta Binciken Teku kuma tana Ikko, dukansu suna horar da masu kiwo. Ya kamata malaman gona na ƙananan hukumomi su sa batun ɗaukewar wuta a sahun farko na abin da suke koyarwa, tare da irin kifi da abinci.

Sa'ad da wuta ta dawo, yara suka ɗauki ihu a kan titi, mai kiwo bai gama ba tukuna. In matacinsa ya daɗe a tsaye, kada ya kunna shi haka nan, domin zai amayo ruɓaɓɓen ruwa a kan kifin da ya riga ya galabaita. Ya buɗe shi ya zubar da ruwan ciki, ya ɗauraye shi da ruwan tankin, sa'an nan ya tashe shi. Ya tsame duk wanda ya mutu. Abinci kuma kaɗan-kaɗan na kwana biyu ko uku, domin sau da yawa mutuwar ba ta bayyana sai bayan an ɗauka an tsira.

In kuwa dare ya yi nisa, batir ya mutu, hannuwa sun gaji, manyan kifi sun fara juya ciki sama, mai tarwaɗa yana da wata ƙofa da mai kifin ado ba shi da ita. Ya tashi mutanen gida, a hura wuta ta itace, a kwashe waɗanda suka kai, a yanka su tun suna da rai, a nannaɗe a jera a kan waya. Banda tana yin makonni ba ta ɓaci ba, kuma tana da masu saye ranar kasuwa, ko da kuɗin bai kai na ɗanye ba.